Firist Ba Ya Jefa Ɗan Lido

A danginmu na Broken Hill, in aka ambaci Gwaggo Noelene, abu biyu ke faɗo wa mutum a rai: ƙararrawar mahaifinta Clem, da firist. Ita ce auta. Tun tana 'yar sakandare ta fara leƙa rumfar kwano ta bayan gidansu, inda yayanta Warren da abokansa ke taruwa ran Lahadi bayan an ci gasasshen rago. Sai su baje taswira a tebur, su jera 'yan mutum-mutumin dalma, su shiga kogon dodanni da fatar baki da ɗan lido mai fuska ashirin. Warren ne mai jan wasan. Shi ke ba da labari, shi ke riƙe da dodanni, yana fakewa bayan wani kwali don kada a ga abin da ya jefa.

Teburin yana da dokarsa tun asali: wanda ya shigo ƙarshe shi ke ɗaukar mutum-mutumin firist, wato limamin coci, don ba mai son sa. Mayaƙi na sara, maharbi na harbi, shi kuwa firist yana biye da su yana warkar da raunuka. Noelene ce ta zo ƙarshe, aka miƙa mata shi. Aka ce ta yi haƙuri, da zarar wani ya shigo ta huta.

To, garin haƙar ma'adinai ne, fita ake yi ba shigowa ba. Sa'o'inta suka watse zuwa birnin Adelaide. Ita ma ta sami gurbin koyon aikin jinya a can, har ta sayi akwati, sai mahaifiyarsu ta rasu, ƙurar rami kuma ta kwantar da huhun Clem. Warren yana da mata da 'ya'ya a wata unguwa. Akwati ya koma saman kabad. Wasan ma bai bar rumfar ba, saboda Noelene ba ta iya wuce inda ƙararrawar da tsoho ke kiranta da ita ke kaiwa.

Makamin firist ɗaya ne wanda ba ya ƙarewa, wani ɗan sihiri da ake kira Tartsatsin Alfijir. Noelene ta san shi ciki da bai. Yana kaiwa nesa, ko dodo ya laɓe bayan dutse yana samunsa, kuma sau nawa ka so ka yi. Amma ɓarnarsa kaɗan ce, in dodo ya goce kuwa shi ke nan, an tashi a banza. Abin da ya fi ci mata rai shi ne mai sihirin ba ya jefa komai. Dodo ake jefa wa ɗan lido, a ga ko ya goce, lissafin ɓarnar ma Warren ke yi.

"Noels, ke fa kin more," in ji Gino Bertoli, mai gyaran mota, wanda ke riƙe da maharbi. "Mu muna ta gumi, ke kina zaune kamar sarauniya."

"Zo mu yi musaya mana, sarkin baka."

"Wa? Ni? Hannuna bai iya addu'a ba, tambayi matata."

Ɗan lidonta shuɗi ne mai ɗigon zinariya. Na kowa ya goge ya yi fari a gefe, nata yana nan kamar yau aka saye shi. A kan tagar kicin kuma akwai wata 'yar mayaƙiya mai gatari da ta shafa wa fenti da hannunta tun da daɗewa, tana jiran rana.

Ranar ta zo lokacin da furfura ta fara fito mata. An turo wata malamar makaranta garin, Jacinta Borg, ta ji labarin wasan a kantin Gino, ta zo da farantin kek mai kwakwa. Noelene ta zaunar da ita, ta tura mata firist, ta shiga yabon Tartsatsin Alfijir kamar mai tallar mota.

"Ba ya ƙarewa, 'yar'uwa. Ga nisa. Ba ruwanki da shiga turmutsutsu."

Jacinta ta ce, "To yaushe zan jefa nawa?"

Gino ya ƙware da shayi. Noelene ta ce, "Za ki saba."

Zafi ya yi zafi ran nan, fanka na juya iska mai ɗumi, ƙudaje sun dami kek. Noelene ta ajiye mayaƙiyarta a sahun gaba. Warren ya ƙanƙance murya ya ce ga wani ƙaton dodo ya toshe bakin gada. Gino ya harba ya kuskure. Jacinta ta ce, "Tartsatsi," Warren ya jefa a bayan kwali ya ce dodo ya goce.

"Noels, ke ce."

Ta ɗauki shuɗin ɗan lido, ta girgiza shi a tafin hannu. Sai ƙararrawa ta kaɗa daga cikin gida.

Shekara da shekaru ƙararrawar nan ba ta taɓa tsayar da wasa ba. Noelene kan tashi ne kawai, in layinta ya zo Warren ya ƙwala mata kira, ita kuma ta leƙo ta tagar ɗakin tsoho ta ce, "Tartsatsi!" ya jefa, a ci gaba. Sai yanzu, da ɗan lido a hannu, ta gane abin da ya sa firist ya yi wa kowa daidai a hannunta. Shi kaɗai ake iya bugawa ba tare da an zauna a tebur ba.

Ta dubi yayanta. "Wazza, kai ma fa ubanka ne."

Warren ya sosa ƙeya. "Haba Noels, kin san ba ya yarda da ni. In na taɓa robar iskar nan ta hancinsa sai ya ce zan kashe shi."

"Sau ɗaya dai."

"Jeki ki dawo, minti nawa ne? Ko in jefa miki?"

"Ka taɓa min mayaƙiya, sai na karya maka yatsa."

Ƙararrawa ta sake kaɗawa, wannan karon da tari a bayanta. Jacinta ta sunkuyar da kai tana juya firist a hannu. Noelene ta miƙe, ta tsallaka tsakar gida da ɗan lidon a dunƙule cikin hannunta.

Robar iskar ce ta zame daga hancin Clem, kuma lokacin magani ya yi. Ta gyara masa, ta tada shi zaune, ta goge masa baki. Tana cikin haɗa ƙwayoyin ta jiyo ƙarar wani ɗan lido a tebur can rumfa, sai ihun Gino, sai tafi. Ba su jira ba.

"Mene ne a hannunki, 'yar gidana?" in ji Clem.

Ta buɗe tafinta. Ta ɗan tsaya, sannan ta jefa shi a kan tiren abincinsa. Ya gangara, ya bugi kofin ruwa, ya tsaya a kan ashirin, lamba mafi girma.

Tsoho ya ƙura masa ido. "Ya yi kyau?"

"Ya yi, Baba," in ji Noelene. "Buɗe bakinka."