Oga Nwachukwu da Jirgin da Bai Gama Haɗa wa Wuta Ba

Ranar Talata, 17 ga Yuni, 2025, da hantsi, ina shagona na gyaran rediyo a kasuwar Kafanchan, 'yarka Chinelo ta kira ni, Oga Nwachukwu. "Kawu Zubair, Baba ya tafi." Na ajiye abin da ke hannuna, na rufe shago. Dukkanmu na Allah ne, gare shi za mu koma.

Oga Nwachukwu, shekara talatin da ɗaya ka yi kana gyaran fitilun sigina a tashar jirgin ƙasa. Da ka yi ritaya, sai ka koma ƙera jiragen sama da katako mara nauyi, irin waɗanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. Ba na wasan yara ba ne. Faɗin fikafikansu ya fi tsawon mutum, suna da injin fetur.

Ina nan ranar da na farko ya faɗi a filin ƙwallo na bayan kwatas ɗin reluwe. Ya tashi lafiya, ka juya shi, sai ya daina jin maganarka, ya sulmiyo ya tarwatse. Aikin wata tara. Mutane suka ce iska ce. Ka zauna a ciyawa ka auna batirin da mita, ka ce da irin Hausarka, "Zubair, ba iska ba. Yunwa ne ya kashe shi." Ka nuna mini cewa batir ɗaya ne ke ciyar da akwatin karɓar umarni da ƙananan injinan da ke motsa fiffike da jela. Da suka ja wuta a lokaci guda, akwatin ya ɗauke.

Daga nan ba ka ƙara yarda da batir ɗaya ba. Biyu kake sakawa, kowanne da makunninsa, da waya mai kauri, wutar fulogin inji kuma daban. Kafin kowane tashi sai ka auna su suna cikin aiki, ko da jama'a sun ƙosa. Jirage huɗu ka ƙera bayan wannan, babu wanda ya faɗi.

Shekarar da gobara ta ci shagona, kai ne ka fara zuwa. Ba ka yi dogon jaje ba. Ka miƙo mini mitarka da ƙarfen liƙa dalma, ka ce in fara aiki a barandarka. Wata biyar na yi a can, matarka Madam Stella tana zuba mini abinci tare da naka.

Jirgin ƙarshe shi ne mafi girma. Ka haɗa masa wani ɗan allon wayoyin lantarki da kanka, wanda zai sauya zuwa batir na biyu idan na farko ya gaza. Saura wayoyi uku ka liƙa, ɓarin jikinka ya shanye, magana ta tafi. Ba ka rubuta komai ba, duk a kanka yake.

Na kai maka allon har bakin gado. Na ɗaga jar waya na ce, "Oga, nan?" Ka kalle ni. Na matsar da ita. "Ko nan?" Ka yi ta ƙoƙarin ɗaga yatsa, ya ƙi. Hawaye ya gangaro maka zuwa kunne. Madam Stella ta ce a hankali, "Zubair, ka bar shi haka." Wata uku ina zuwa kowace Lahadi bayan an taso coci, ban ƙara kawo allon ba. Shekara ashirin ina gyaran kayan wuta, amma ban iya karanta aikinka ba, ban kuma iya yi maka komai ba sai juya maka matashi.

Allah ya yi maka rahama, ya sa ka huta, ya saka maka da alherin da ka yi wa mutanen garin nan. Ina miƙa ta'aziyyata ga Madam Stella, da 'ya'yanka Chinelo da Chigozie, da 'yan cocinku, da tsoffin ma'aikatan reluwe da suka ɗauki akwatinka. Allah ya ba ku haƙuri.

Jiya Madam Stella ta ce in zo in ɗauki jirgin, ganinsa yana hana ta cin abinci. Na je da Keke Napep. Mun juya shi ta kowace fuska, fiffiken ya ƙi fita ta ƙofa, kuma babu wanda ya san yadda kake kwance shi. Muka mayar da shi inda yake, muka rufa masa zane.

Zubair Sambo, Kafanchan