Sitt Ihsan, Wadda Ta Bi Dardir Har Ƙauyensu

Ƙarfe bakwai na safe Sitt Ihsan Gadallah take shiga ɗakin aikinta a asibitin nan na Asyut da ke kudancin Masar, ta ajiye kofin shayi a bakin taga, ta manta da shi har ya huce. Shekara goma sha tara ke nan haka take yi. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma abin takaici, ko a cikin asibitin ba kowa ya san aikinta ba.

Masu zuwa wurinta mutane ne da aka dasa wa ɗan famfo a ƙarƙashin fatar ciki, faɗinsa kamar murfin gwangwani. Shi ke ɗiga magani cikin lakar baya, don jijiyoyin da suka sandare su saki. Likita kan dasa ya yi gaba. Ita ce duk bayan wata uku za ta laluɓo bakin famfon da yatsa, ta soka allura, ta cika shi. In ya ƙafe ba a cika ba, mutum na iya rasa ransa cikin 'yan kwanaki.

Ma'aikatan da suka daɗe suna tuna shekarar Dardir, manomin rake da ya faɗo daga kan dabino ya karye a baya. Ranar cikonsa, goma ga Janairu, bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Abokan aiki suka ce lokacin sarar rake ne, ba a sami mai kawo shi ba, zai zo. Ita dai hankalinta bai kwanta ba. Rana ta uku ta shiga motar haya, tafiyar awa uku, har ƙauyensu.

Ta same shi a ƙofar gida yana shan hantsi, matarsa Sabriyya tana shanya ƙullin burodi.

"Sitt Ihsan da kanta? Lafiya?" in ji Dardir.

"Kai zan tambaya, Baba. Ban ce maka goma ga wata ba?"

"Goma ga watan Tuba mana, 'yata. Saura kwana shida."

Nan take ta gane: Tuba watan manoma ne. Manomin kudu da watannin noma yake ƙirga kwanakinsa, su ya gada, da su yake shuka da girbi. Ita kuwa ta ce masa goma ga wata, ba ta faɗi wane wata ba. Suna cikin haka sai ga wata 'yar ƙara siririya.

"Gyaren nan ya ishe mu," in ji Sabriyya. "Tun jiya nake nemansa a bango."

"Yaya Sabriyya, gyarenki a cikin mijinki yake. Famfon ne ke cewa ya kusa ƙafewa. Ɗauko masa bargo, yanzu za mu tafi."

Da aka duba a asibiti, maganin kwana biyu ya rage.

Ke ce, Sitt Ihsan, kika tsaya gaban likita kika ce laifin naki ne, alhali da kin ce ƙauyanci ne ba mai musa miki. Ke ce tun daga ranar kike faɗa wa kowa ranarsa da watan gwamnati da na gona, ki sa ya maimaita miki, ko da zai ji haushi. Uwar masu famfo, mai hannu mara rawa, mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma matasan da za ku gaje ta, in kun ga kujera babu mai ita ranar da ya kamata ya zo, kada ku ce zai zo. Ku tashi ku nemo shi. Dardir yana nan da ransa, 'ya'ya mata biyu ya aurar tun bayan wannan rana.