Sunan Malam Nabirni

Ranar Alhamis ce, ƙarshen damina. Na dawo daga sallar asuba na tarar maƙwabciyata ta riga ta hura wuta, tana suyar ƙosai a bakin layi. Unguwarmu Minanata ta tashi kamar kullum. 'Yan kabu-kabu suna ɗumama babura, 'yan garuwa suna tura kura, rediyon mai shayi yana karatu. Na zuba goro da dabino da atamfa cikin buhu na ɗaure bakinsa. Washegari ne sunan ɗana na fari.

Matata Dije ta haihu a ƙauyenmu, Gidan Nabirni, gabas da Sakkwato. 'Yar baffana ce, don haka gidansu gidanmu ne. Ni malamin firamare ne a birni, kuma ina da wata jaraba da abokan aikina suke yi mini tsiya a kanta: neman asalin gidanmu. Na san ubana Aliyu, na san kakana Mamman. Daga nan sai uban Mamman, wanda ya sari garin, wanda kowa ke kira Malam Nabirni. Wannan laƙabi ne kawai, don an ce daga Ƙofar Atiku, cikin birnin Sakkwato, ya fito. Sunansa na yanka ya ɓace, kuma girmamawa ce ta ɓatar da shi. 'Ya'yansa Baba suke ce masa, almajiransa Malam. An taɓa sa wa jariri ɗaya sunan, ya koma tun kafin yaye, daga nan ba a sake sawa ba.

Mutum ɗaya ta rage da ta san sunan: Kaka, matar Mamman. Tana amarya ta ji an ambace shi ranar da tsohon ya rasu. Amma surukinta ne, kuma a wajenmu mace ba ta kama sunan suruki. Na yi lallashi, na kai tsaraba, na yi fushin ƙarya. Dariya kawai take yi mini. Sai da cikin Dije ya tsufa Kaka ta ce in namiji ne, za ta raɗa wa liman sunan a kunne ranar suna, sau ɗaya, a sa wa yaron.

Kafin in je tasha na biya Ƙofar Atiku wajen Malam Haliru. Dattijo ne mai irin jarabata, mun haɗu ne a wani zauren waya na masu binciken salsala. A gidansu akwai tsohuwar takarda da aka rubuta zuriyar kakansu. 'Ya'ya uku sun bar birni ba a rubuta musu baya ba: Isa, Yahaya da Zubairu. In sunan da ke bakin Kaka ya dace da ɗaya, to jininmu ɗaya da shi. Na same shi a zaure yana shan koko. Ya rako ni har bakin titi yana cewa, "Da liman ya hwaɗi, ka kira ni. Kada ka bari sai an watse."

Na isa gida ana kiran azahar. Tukunyar ruwan jego tana kan wuta. Mata suna surfe a tsakar gida. Baffa Sanda, uban Dije, ya ɗaure ragon suna a gindin dalbejiya yana ba shi harawa. Aka miƙo mini yaron. Ja ne, ƙanƙane, hannunsa a dunƙule. Na ji wani daɗi da ban taɓa ji ba.

Kaka tana bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce tun da ga ni ga ta, ta rage mini zullumi. Ta jefe ni da ɓawo. "Kai ɗan birni, ka ishe ni. Na ce maka gobe ta. Gobe nisa gare ta?"

La'asar muna masallaci, a raka'a ta biyu, na ji ƙugin babura. Na zaci 'yan suna ne daga wani gari. Ƙugin ya yi yawa, kuma bai rage gudu ba da ya shigo gari. Sai harbi ɗaya daga wajen rijiya. Sai shiru. Sai harbi ya ɓarke ta ko'ina, kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano. Sahun baya ya watse. Liman bai katse salla ba. Ni na katse, na fita ta taga ba takalmi.

Daga masallaci zuwa gidanmu lungu biyu ne. A lungu na farko na ga mutum kwance ruf da ciki, butarsa tana tsiyaya kusa da shi. Ban tsaya na ga ko wane ne ba. Daga bakin kasuwa ana ihu: "A kwanta! Kowa shi kwanta! Ina shanun?"

Baffa Sanda ya riga ni shiga gida. Ya tsaga dangar baya da adda. "Ku shiga dawa! Nasiru, ɗauki tsohuwa!" Dije ta fito da yaron a ƙirji, zani ɗaya a jikinta. Na sunkuya, mata suka ɗora mini Kaka a baya. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ƙayar danga ta fizge kallabinta, ba wanda ya waiwaya. Baffa ya ce zai kwance shanu ya kora su daji. Na ce ya bar su. Bai ko dube ni ba. Muna tsakiyar gonar farko na ji harbi uku daga wajen turke. Dije ta tsaya cak. Na tura ta gaba da kafaɗa.

Dawa ta fi mu tsawo, ita ta rufa mana asiri. Muka kwanta a kwarin kunya, cikin laka. Yaron ya buɗe baki zai yi kuka, Dije ta cusa masa nono ta dafe kansa. Babur biyu suka bi gefen gonar a hankali. Na ji maganarsu, na ji ɗaya yana dariya. Wani ya yi harbi cikin dawa haka kawai, zangarniya ta faɗo kusa da ƙafata. Suka wuce. Can sai warin hayaƙi, irin na hatsi, ba na itace ba. Sun sa wa rumbuna wuta.

Gab da magariba harbin ya yi nisa. Numfashin Kaka ya canza, yana fita da wani ɗan sauti. Tsoro ya kama ni, kuma ba tsoron 'yan bindigar ba. Na sa bakina a kunnenta na ce, Kaka, faɗa mini yanzu, ba mu san abin da ke gabanmu ba. Ta shafa kanta, ta ji ba kallabi. "Ba nan ba," in ji ta. "Kaina a buɗe, jikina dut laka. Kai ni birni. Garin Malam na, can ni ka hwaɗi." Na so in yi mata tsawa. Wallahi na so. Na cire hulata na kifa mata a kai, ta ture ta.

Da duhu ya rufa muka tashi. Mun bi fadamar shinkafa, ruwa har gwiwa, sauro kamar a kwashe da hannu. Muka haɗu da wasu 'yan garinmu, ba wanda ya yi wa wani sallama. A wajensu na ji an harbe liman a cikin masallaci. Dije tana tafiya tana zubar da jini, kwana shida da haihuwa. In na gaji in sauke Kaka a kan kunya, in huta, in sake goya ta. Wani wuri ta daina riƙe wuyana da hannun dama. Na ɗauka barci ne.

Asuba ta same mu a bakin kwalta. Wata motar itace ta tsaya, direban ya dube mu, ya sa yaransa suka sauke rabin kayan. Muka hau. Rana ta ɗaga muka shigo Sakkwato. Shaguna a buɗe, 'yan makaranta da fararen kaya, wani yana wanke mota yana jin waƙa. Na ji haushin kowa. Juma'a ce, ranar suna.

A Minanata maƙwabciyata ta bar kaskon ƙosai a kan wuta ta karɓi yaron. Mata suka kama Dije suka shiga da ita. Na kwantar da Kaka a kan katifata na ce, Kaka, mun iso, ga ki a birni. Ta buɗe ido ta dube ni. Bakinta ya karkace gefe ɗaya. Ta motsa leɓe, sai iska da miyau. Na kai ta asibiti a Keke Napep. Likita ya ce ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya tafi, amma tana ji kuma tana ganewa. Ya ba mu magani ya ce mu koma gida, shekarunta sun yi nisa.

Da yamma wani da ya koma garin ya kira ni. Sun binne mutane tun hantsi. Baffa Sanda yana ciki, a turke suka same shi da igiya a hannu. Ni na faɗa wa Dije. Ta ce ta sani tun a gona.

Ranar Asabar da hantsi Malam Haliru ya zo. Ya yi mana ta'aziyya, sannan ya kawo shawara. Tun da tana ji, ba sai ta furta ba. Zai karanta sunayen uku ɗaya bayan ɗaya, in an zo kan na surukinta ta lumshe ido. Bakinta bai kama suna ba ke nan, kunyarta tana nan. Na ji kamar an sauke mini dutse. Mata sun riga sun yi mata wanka, sun ɗaura mata kallabi, sun yafa mata mayafin Dije.

Na shiga da shi ɗakin. Don in ƙarfafa mata zuciya, na ce, Kaka, ga Malam Haliru daga Ƙofar Atiku, daga gidan da muke zaton Malam Nabirni ya fito. Ta juyo da ido ta dube shi, dattijo mai farin gemu tsaye a bakin ƙofa. Sai hannunta na hagu ya soma motsi. Ya bi ƙirjinta a hankali, ya kamo bakin mayafin, ya ja shi ya rufe fuskarta ruf. Mutumin gidan surukanta ya shigo, ta yi abin da aka koya mata tun tana amarya.

Malam Haliru ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta. Ya dube ni, na dube shi. Ya karanta sunayen duk da haka, da ƙaramar murya. Isa. Yahaya. Zubairu. Mayafin yana ɗagawa yana sauka da numfashinta, iri ɗaya a kan kowanne. Hannuna yana kusa da bakin mayafin. Ban iya ɗaga shi ba, shi ma bai ce in ɗaga ba. Ya share ido da hannun riga ya ce, "Bar ta. In na tahi ka gwada kai ɗai."

Na raka shi bakin layi na dawo da sauri. Na yaye mayafin. Barci take yi, bakinta a buɗe. Tun ranar Alhamis ba ta runtsa ba, sai na ce bari ta huta zuwa la'asar. Na dawo daga masallaci na tarar mata sun cika ɗakin, Dije tana zaune a ƙasa ta dafe kai.

Kafin magariba muka kai ta. Malam Haliru ne ya yi mata salla, mutanen Ƙofar Atiku da ba su taɓa ganinta ba suka ɗauki makara tare da mu. A hanyar dawowa ya ce mini in zaɓi ɗaya cikin ukun in sa wa yaron, shi ya karɓe ni ɗan'uwa ko da takarda ko babu. Na yi masa godiya, har yau kuma ina zuwa zaurensa. Amma ban zaɓa ba. Ban san ko ɗayansu ne ba, ban san ko ba ko ɗaya ba.

Ranar Lahadi da safe aka raɗa suna a ɗakina, ba rago, ba maroƙi. Umaru, sunan Baffa Sanda. Dije ba ta kama sunan, Baba take ce masa.

Ba mu koma garin ba. An ce ciyawa ta rufe lungunan. Daga gidanmu mun rasa Baffa, mun rasa Kaka, mun rasa hatsin shekara da shanun da aka gada. Yaron yana gudu yanzu, ya soma haɗa magana. Wata rana zai tambaye ni, zan kuma ƙirga masa abin da nake da shi: Umaru ɗan Nasiru, ɗan Aliyu, ɗan Mamman. Nan nake tsayawa.