Zaren Damina na Gwaggo Hansai

Gwaggo Hansai ba ta taɓa shiga aji ba, amma a duk ƙasar Kafur ban san wanda ya kai ta sanin damina ba. Ƙanwar mahaifina ce, sana'arta kaɗi. Tun tana amarya, duk ranar da aka yi ruwan da ya jiƙa ƙasa tsawon yatsa, sai ta yi ƙulli ɗaya a jikin zare. Yayyafi ba ya shiga. Kowace damina da zarenta.

Bayan farin 1973 ta fara cewa damina tana raguwa, a bar dawa mai daɗewa a koma mai saurin nuna. Wa zai saurare ta? Ɗanta Jibo, sarkin taurin kai, ya ce irin ubansa zai shuka har ya mutu. Daga baya ruwa ya ɗauke masa shekara biyu a jere dawa tana fitar da kai. Rumbu wayam, jikokinta suna wuni da kunu. Abin ya ci mata rai, ni ma ya ci mini.

A 1985 malamin gona Oluwole, haifaffen Funtuwa, ya zo taron manoma da hotunan gajimare da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama. Ya ce da alama ruwa yana ja da baya, sai dai hotunan na shekara takwas ne kacal, ba su isa hujja ba. Ban jira an tashi ba, na ja shi har zaurenmu.

Gwaggo ta shimfiɗa zare ashirin da bakwai a tabarma. Na shekarun farko ƙulli cunkus, na baya-bayan nan tsilla-tsilla. Oluwole ya durƙusa yana gwada takwas na ƙarshe da hotunansa. Shekarar da gajimare ya yi ƙaranci, ita ce mai ƙarancin ƙulli. Duka takwas! Ya miƙe zumbur, hularsa ta faɗi.

"Gwaggo, wallahi kin riga tauraro!"

Ta ce, "Ɗana, shi leƙe yake daga sama. Ni a kaina ruwan yake zuba."

Jibo yana bakin ƙofa yana kallon zaren. Can ya ce, "Inna, wane iri kika ce?"

Da damina ta zagayo, Jibo ya shuka mai saurin nuna. Ruwa ya sake ɗaukewa da wuri, amma dawa ta riga ta nuna. Ranar da aka shigo da damin farko, Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta zauna a ƙasa tana kuka.