Kwamfutar da Na Sa wa Rigar Aro

Ni dai tun ina yaro ba a taɓa ba ni abu mai murfi na bar shi a rufe ba, kuma da wannan wautar na tsufa. Karatuna na boko bai wuce aji uku ba. Na san baƙaƙen, amma in suka haɗu suka zama Turanci sai mu rabu lafiya. Na yi shekaru ina gyaran rediyo a wata rumfa a Ƙofar Dundaye, da rediyo ya daina kawo abinci na koma waya, daga waya na fara taɓa kwamfuta ba wanda ya aike ni. Abokan zamana suna ce mini injiniya. Su da wasa suke yi, ni kuwa na ɗauka da gaske.

Ina da ɗiya, ita ce ta fari. Duk wanda ya san gidajenmu ya san kunyar da ke tsakanin uba da ɗiyar fari. Ba na kiran sunanta, ba ta zama inda nake zaune, magana mai tsawo sai ta hannun uwarta. Tana shekarar ƙarshe a jami'a na ji tana gaya wa uwar tata cewa ƙawayenta 'yan Arkilla, unguwar masu hali, duk suna da irin kwamfutar nan mai tsada, wadda kamfanin da ke ƙera ta shi ke yi mata manhajar da ke tafiyar da ita. Ba roƙo ta yi ba, hira ce kawai. Ni ne na tsoma kunnena, abin ya tsaya mini a rai.

Ba ni da halin sayenta, amma na ji a kasuwa ana cewa ana iya ɗauko manhajar tasu a ɗora wa kwamfutar wani kamfani, ta tashi kamar ta asali. Na samo wata ta gwanjo mai ruwan azurfa, na zauna da bidiyo a waya, in tsayar, in kwafi baƙi ɗaya, in sake tsayarwa. Na ɓata makonni. Yau ta kawo hoto babu sauti, gobe ta kawo sauti ta ƙi kama intanet, har sai da na canza mata wani ɗan kati a ciki. Ranar da ta tashi sumul na yi rawa a rumfa da furfurata. Na yanko tambari na liƙa a bayan murfin, na ba uwarta na ce ta gaya mata ta asali ce, wani ya zo da ita daga waje.

A bidiyon an yi ta nanata abu guda, har ni mai aji uku na gane. In saƙo ya fito yana cewa a sabunta manhaja, kada a kuskura a danna, domin sabuwar ba lalle ta yarda da jikin da ba nata ba. Na san wannan sarai. To amma mi zan ce? In na aika mata da gargaɗi, dole a tambayi dalili, dalilin kuwa shi ne ƙaryata. Sai na bar wa Allah, alhali ni na haƙa ramin da hannuna.

Cikin kwamfutar nan yarinyar ta zuba kundin bincikenta na kammala karatu. Ta yi ta zirga-zirga a keke zuwa fadama tana hira da manoman shinkafa, tana ɗaukar muryoyinsu, tana dawowa da ƙafa duk laka. Saura kwanaki ta tsaya gaban malamai ta kare aikin, saƙon nan ya fito, ta danna. Kwamfuta ta mutu ta farka, ta sake mutuwa, daga nan sai baƙin allo. Ba ta kawo mini ba. Ta kai wa wani mai gyara kusa da makaranta, shi kuwa ya ga jikin kwamfutar gama-gari, ya goge komai ya mayar mata da manhajar da aka haife ta da ita. Ya miƙo mata tana aiki lafiya lau, babu ko shafi ɗaya. Babi biyu kawai suka tsira, waɗanda ke hannun malaminta a takarda.

'Yan ajinta suka gama suka tafi bautar ƙasa, ita ta koma fadama ta sake daga tushe. Wasu daga cikin manoman sun tafi cirani, wani tsoho da ya fi kowa ba ta bayani ya rasu. Shekara guda ta tafi a haka. Ina ganinta tana fita da safe, in sunkuyar da kai kamar ina neman wani ƙaramin ƙarfe da ya faɗi. Tun daga lokacin na gaji da kaina, ko an ce injiniya ba na waiwayawa.

Masu irin hannuna, ku ji ni. In za ku yi dabara ku yi a kan kayanku. In kun ba wani, ku gaya masa abin da kuka ba shi da inda yake da rauni, ko da girmanku zai ragu. Wanda kuma ke da aiki a na'ura ya ajiye shi wuri biyu. Kunya abu ce mai kyau, amma ni na fake da ita na ɓoye ƙarya.

Bayan ta kammala, wata rana ina alwala a tsakar gida, uwarta ta tambaye ta mi ya hana ta kawo mini kwamfutar tun da fari. Yarinyar ta san ina ji. Ta ce ai tun ranar da aka ba ta ta gane ba ta asali ba ce, tambarin ma a karkace yake, kuma ta fi son ta a haka don hannun Baba ne ya yi ta. Da ta kawo mini, in ji ta, dole sai na faɗa da bakina, ita kuwa ba ta so ta ga ranar da zan ji kunya a gabanta.

Na gama alwalata na fita masallaci.