Salansar Akawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, ina tsugune gaban wani babur da sufana a hannuna, 'yarka ta fari ta kira ni a waya ta ce Allah ya karɓi abinsa. Kwana huɗu kacal ka yi a asibiti. Na miƙe tsaye, na sake tsugunawa, mai babur ɗin yana ta yi mini magana ban san me yake cewa ba, har ya gaji ya tura abinsa ya tafi.

Akawu, ka san ni ba mutumin alƙalami ba ne. Bakanike ne, kuma duk wata takarda da ta taɓa fita daga garejina kai ka rubuta ta. Yau ga shi ka bar ni da rubutu, babu mai gyara mini. In ka ga kuskure ka yi haƙuri, ni ma shekara talatin da ɗaya na yi ina haƙuri da babur ɗinka.

Babur ɗaya nake nufi. Tun kana akawu a ofishin ruwa ka saye shi, ka yi ritaya da shi, ka aurar da 'ya'ya biyar yana nan. Na canja masa taya, na canja sarƙa, na canja kujera sau uku, har ya zama babu abin da ya rage na asali sai inji da lamba da salansa. Duk lokacin da na ce ka rabu da shi, sai ka dube ni ta saman tabarau ka ce, “Me ya yi maka?”

Gudu kuwa, Allah ya jiƙanka, ba ka taɓa zaluntar titi ba. Masu keke sukan cim maka, ku gaisa, su tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan su nemi izini su wuce. In za ka yi kwana sai ka kunna sigina, ka miƙa hannu, ka kuma waiwaya ka yi wa na baya bayani da baki. Ranar da matata take naƙudar ɗanmu na fari, kai ka bar aikinka ka ɗauke ni zuwa asibiti. Ina bayanka ina cewa ka ƙara wuta, kana ce mini sannu ba ta hana zuwa. Kafin mu isa an haihu, an yi wa yaro wanka, uwar ta yi barci ta farka. Amma kai ka zauna da ni a bencin asibitin har aka sallame su, kai ka cika takardu, kai ka je ka sayo magani, a hankali.

Haka ka yi wa kowa a layinmu. Wadda mijinta ya rasu takardun fansho suka rikice mata, wurinka take zuwa. Wanda aka yanke wa ruwa bisa kuskure, kai za ka sa hular kwano ka je ofis ka zauna gaban ma'aikaci, ba faɗa ba tsawa, har kunya ta sa ya gyara. Ban taɓa jin ka ɗaga murya ba. Shi ya sa mutane suka kasa gane abin da ya shiga kanka shekara biyu da suka wuce, lokacin da ka zama mutumin da ya fi kowa ƙara a unguwa. Yau zan faɗi dalili, kuma da izinin Yaya, maiɗakinka, zan faɗa.

Shekara da shekaru Yaya da ƙarar babur ɗin nan take sanin dawowarka. Kana yin kwanar kantin magani za ta ji, ta tashi ta buɗe ƙofa, ta ɗora ruwan shayi. Da ciwon suga ya ɗauke mata ido, ƙarar nan ta zama ita ce agogonta. Daga baya kunnen ma ya fara nauyi. Sai ya zamana ka fita, ita tana zaune tana ƙirga motocin da za su iya buge ka, ba ta da hanyar sanin ka dawo sai ta ji hannu a kafaɗarta, ta firgita. Abin da kake so kawai shi ne ta ji zuwanka tun daga kwana. Amma kai mutum ne mai zurfin ciki, ba ka gaya mini ba. Kwali kawai ka ɗauro a bayan babur ka dire a gabana.

Na buɗe, na ga salansa sabuwa fil, tana ƙyalli har mutum yana ganin haƙoransa a jikinta, irin wadda samari masu tseren babur suke ɗaurawa. 'Yarka ce ta yi maka odarta ta waya. Na dube ta, na dubi babur ɗinka, na dube ka, na ce, “Akawu, tsufa ne ya zo da gardama?”

Ka ce, “Injiniya, ɗaura kawai.” Ba ka kirana Injiniya sai in za ka sa ni wahala.

Wallahi kuwa na sha ta. Notuna biyun da ke riƙe da tsohuwar salansar a jikin inji tun daga kamfani ba a taɓa kwance su ba, tsatsa ta haɗe su sun zama abu ɗaya. Na jiƙa su da kananzir wuni guda. Ɗaya ya ji lallashi ya fito, ɗayan ya karye a ciki, sai da na yi rabin yini ina huda shi ina tsinto guntayensa. Da na ɗauko sabuwar, sai ga bakinta ya fi na injin faɗi, mariƙinta kuma ya faɗo daidai wurin da birkin ƙafa yake. Wanda ya ƙera ta bai taɓa mafarkin akwai babur irin naka a duniya ba. Kai kuma kana zaune a benci da takardar da ta zo cikin kwalin, wadda aka rubuta da wani harshen da babu mai jinsa a cikinmu, kana duba hotuna kana ba ni umarni. Sai a kwana na biyu maƙwabcina Mai Walda ya leƙo ya juya maka takardar, ashe a kife ka riƙe ta. Ba ka ji kunya ba, cewa ka yi yanzu ne ma bayanin ya fi fita.

Mai Walda ya yi mana zobe ya rage bakin, ya yanke mariƙin ya mayar da shi baya. Muka ɗaura, na taka kiki, kikin ya daki salansa. Muka kwance, muka lanƙwasa, muka ɗaura. Wannan karon ta matso kusa da ƙafa, ka hau ka gwada, ta cinye maka bakin wando. Muka kwance, muka sa mata marfi. Sai injin ya ce shi bai yarda ba, da ma ya saba numfashi ta ƙaramar kafa, yanzu an buɗe masa ƙofa. Ya dinga tari yana harbi, tas, tas, har sai da na wanke kabireta na ƙara masa shan mai, na canja fulogi. Kwana uku cur na yi a kan aikin da ba ya wuce rabin awa, sauran masu babura suna zuwa suna komawa.

Da la'asar ɗin rana ta uku na taka kiki ya tashi. Subhanallahi! Kajin gidan da ke bayan gareji suka haura katanga. Telan da ke tsallaken titi ya ɗinke hannun rigar mutane ruf. Mai Walda, wanda bugun ƙarfe ya daɗe da kashe wa kunne, ya cire tabaransa ya ce yau ya ji abu. Kai kuwa murmushi kake yi. Ka matso kusa da kunnena ka tambaye ni ko daga kantin magani za a ji shi a gidanka. Na ce har na maƙabarta za su ji. Allah ya yafe mini wannan bakin nawa.

Daga ranar unguwa ta shiga wani hali. Sai a ji rugugi daga nesa, iyaye mata su janye yara, masu tebura su ja kayansu baya, kowa ya dare ya bar titi. A jira, a jira, har wasu su gaji su koma zaune, sannan ka ɓullo kana tafe kamar mai rakiyar tsohuwa, da hular kwanonka, kana ɗaga wa jama'a hannu. Wani ɗan sandan hanya ya taɓa tare ka da laifin gudun wuce sa'a, don da kunne ya yanke hukunci. Da ya ga yana bin ka a ƙafa yana rubutu ba tare da ya yi haki ba, sai ya mayar da littafinsa aljihu.

Babu wanda ya iya tunkararka da maganar, don kowa ya ci arzikin alƙalaminka. Ni suka samu. Tela ya jagoranci mutum shida suka zo gareji, suka ce tunda ni na ɗaura, ni zan sauke. Ni ma da ma abin yana cina. A sana'armu injin da aka gyara da kyau raɗa yake yi, kuma 'yan'uwana kanikawa sun fara tambayata ko bindiga na koma ƙerawa. Don haka ranar da ka kawo shi canjin baƙin mai ka tafi aski, sai na naɗe wani siririn bututu mai huji-huji da soson ƙarfe, na cusa cikin salansar, na ɗaure. Ka dawo ka tayar, ka ji murya ta yi ƙasa, ka dube ni. Na ce ai haka sabuwar salansa take, in ta saba da inji sai ta yi ladabi. Ita ce ƙarya ta farko da na taɓa yi maka, kuma ka yarda, don ba ka san ni da ita ba.

Washegari da safe ka zo da ƙulu a goshi. Ka zauna a benci ka ce, “Injiniya, jiya Yayarka ba ta ji shigowata ba. Na same ta a bakin ƙofa tana kuka, ta ce lokaci ya wuce, mota ta buge ni. Na dafa ta, ta zaci ɓarawo ne, ta maka mini sanda.” Ka shafa goshin ka ce, “Idon ne babu, amma saiti yana nan.” Daga nan ka gaya mini komai.

Rashin sani ya fi dare duhu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ɗauko filaya na zaro abin da na cusa a gabanka, na ajiye maka a kan gwiwa. Ka juya shi, ka ce aikin ya yi kyau, amma kada in ƙara. Sai ka roƙe ni abu ɗaya, kada in gaya wa kowa dalili, don Yaya ba ta son a san kunnenta ya yi nauyi, kuma in ta ji ana surutu a kanta za ta sa a cire.

Da Tela da mutanensa suka dawo, na sunkuyar da kai na ce musu aikin ya fi ƙarfina. Ni, da shekara arba'in a sana'a! Shekara biyu na yi ana nuna ni a matsayin bakaniken da salansa ta gagara, wasu ma suka ɗauke baburansu suka kai wani wuri. Na ji ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma kullum da yamma in na ji ka yi kwanar kantin magani, na san akwai ƙofar da ake buɗewa, sai in ci gaba da aikina. To jama'ar layinmu, yau kun ji. Na iya, ƙi na yi.

Ranar da ciwon ya kama ka, babur ɗin yana wurina, ka bar shi in ɗaure sarƙa. Bayan rasuwarka da mako guda na je gaishe da Yaya. 'Yarka ta ɗaga murya ta gaya mata ko wane ne. Ta laluba ta kama hannun rigata ta ce, “Ƙanena, ka dawo mini da babur ɗinsa gida.” Na ce yanzu kuwa. Ta ce, “Amma turo shi za ka yi, kada ka tayar. Ni na san ya rasu, kunnen nan nawa ne bai sani ba. In ya ji, tashi zan yi in buɗe ƙofa.”

Na turo shi, Akawu. Babur lafiyayye, tanki cike da mai, bugu ɗaya yake tashi, ga bakanikensa yana tura shi a tsakiyar rana yana gumi. Masu wucewa suna ta cewa, “Oga, yau kuma mai ne ya ƙare?” Na ce musu e. A kwanar kantin magani Tela ya bar keken ɗinkinsa ya cim mini, ya kama ɗaya hannun babur ɗin muka tura tare. Muka jingine shi a tsakar gida. Yaya ta fito da sandarta, ta shafa kujerar, ta bi da hannu har ta kai kan salansar. Ta daɗe riƙe da ita, sannan ta ce, “Ta yi sanyi.”

Allah ya jiƙanka, Akawu. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa alherin da ka yi wa mutane ya tarye ka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ni na yafe maka kwana ukun nan, kai ma na san ka yafe mini soson ƙarfe. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka biyar da jikokinka, da abokan aikinka na ofishin ruwa, da dukan mutanen layinmu. Yaya kuma, Allah ya ba ki haƙuri da dangana, ya zama gatanki, ya sanyaya miki zuciya a duk yammacin da titi ya yi shiru. Mu da muka rage, in tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani. Amin.