Bindigar Vuyokazi Tana Kanti

Vuyokazi maƙwabciyata ce a Mdantsane, ma'aikaciyar jinya, siririya kamar tsinken tsire, ko kaza ba ta iya yankawa. Amma tun da aka sanar da ita za a saki tsohon mijinta Gcobani daga kurkuku, ba ta da zance sai na bindiga. Shi ya karya mata muƙamuƙi, kuma a gaban alƙali ya rantse sai ya ƙarasa aikin.

Ni ta ja muka je kantin Oom Dawie, mai sayar da bindigogi. Tsohon ya ajiye mata ƙanana guda biyu. Ɗaya gajeriya ce mai tulun ciki inda harsasai ke juyawa, ya ce wannan ba ta taɓa cijewa. Ɗayar shafal take kamar wayar hannu, tana ɓuya a jiki, sai dai tana dukan hannu in an harba. Ta zaɓi mai tulun. A ƙasar nan kuwa ko ka biya ba ka tafiya da bindiga. Kullewa ake yi a kanti har lasisi ya fito, shi kuma da lambar bindigar ake nemansa, ana shafe watanni.

Oom Dawie ya ara mata ta roba mai siffa iri ɗaya don jikinta ya saba. Nan aka samu matsala. Rigar aiki ba ta da bel, sai ta ɗaura a ƙarƙashin riga, abin ya goge mata haƙarƙari har ya yi ruwa, ga shi ya turo riga. Wani majinyaci ma ya tsokane ta, wai Sista ciki ne ya koma gefe?

Wata na huɗu ta koma ta ce a canza mata da shafal ɗin. Tsohon ya gargaɗe ta cewa sabuwar lamba sabon nema ne, za ta koma ƙarshen layi. Ni kam na zage ta tas, na ce wa ke neman jin daɗin ƙugu ana batun rai?

"'Yar'uwa, ba ki san shi ba," in ji ta. "Kafin ya kalli fuskata, jikina yake fara bi da ido. In ya ga tudu, da bindigar zai kashe ni."

Haka aka canza mata. Gaskiyarta ce, kuma har yau abin na ci mini rai.

An saki Gcobani wata Laraba da safe, lasisi bai zo ba. Ba ta je aiki ba, ba ta zauna gida ba. Kanti na same ta, ta ja kujera ta jingina da ƙofar ƙarfen da aka kulle bindigar a ciki. Ta roƙi tsohon ya ba ta ko na yini ɗaya, ya ce ɗaure su za a yi su biyun. Ya kawo mata shayi, ta kasa sha.

Da la'asar ya tsaya a kanta da makullai, ya kasa haɗa ido da ita.

"'Yata," ya ce, "ƙarfe biyar muke rufewa."